SANARWAR DA TA RIGA SULHU

Shafi na 31

Masu aiko mini da saƙo kuna cewa na shanya ku, ku yi haƙuri, amma ku ma ku riƙa jin tausayina. Sabis ɗin garinmu sai an hau tudu ake samunsa, ƙafata kuwa ta gaji da hawa. Wata har cewa ta yi wai jan aji nake yi. Ina ajin yake, baiwar Allah? A bakin murhu na buga wannan shafin, wayar tana kukan caji.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke.

Shafi'u mai gyaran waya ne a Yargalma. Ya ɗauki bidiyon injin niƙa dutsen zinariya da Alhaji Maikuɗi ya kafa kusa da rijiyar gari, ya ɗora a Fesbuk, ya ce za a dawo musu da gubar dalmar da ta kwashe yara shekarun baya. Alhaji ya kai ƙara, wai an ɓata masa suna. Tun kafin shuka Shafi'u yake tsare a Gusau, yanzu har an yi maimai, ga wani mugun tari ya kama shi a ciki.

Kariyar Murya, ƙungiyar lauyoyin Abuja masu tsaya wa waɗanda aka kama kan abin da suka ɗora a waya, ita ta ɗauki shari'ar. Barista Abdussalam ɗan Anka ne lauyan. Rumaisa 'yar Gummi ce wakiliyarsu a nan.

Gobe ne zaman ƙarshe kafin kotu ta tafi dogon hutu. In Alhaji bai janye ƙara ba, Shafi'u zai ƙare damina a ciki.

Shi ya sa da hantsin nan Barista da Rumaisa suka zo zauren Alhaji a Bukkuyum, da Inna Zulai mahaifiyar Shafi'u, da Malam Mahmuda wanda ya koya wa Alhaji karatun allo yana yaro. Malam ya roƙa. Inna ta durƙusa. Alhaji ya ce ya yafe.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

*

Alhaji Maikuɗi ya daɗe yana kallon wayar.

Can ya juya fuskarta ya miƙa wa Barista.

"Kai ka iya boko. Karanta muna."

Barista ya karɓa. Rumaisa na kallonsa daga bakin ƙofa inda suke zaune da Inna a kan tabarma.

"Alhaji, wannan..."

"Karanta, na ce. Malam bai ji ba."

Hoton Shafi'u ne, an zana masa ƙarafan kurkuku a fuska. A gefe ga hoton injin, ga sunan Alhaji cikakke har da na mahaifinsa. A ƙasa ga tambarin Kariyar Murya. An rubuta da Turanci, an kuma rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe don kada wani ya ce bai gane ba.

Barista ya karanta a hankali, kamar mai cin tuwo da tsakuwa a ciki.

"Babu sulhu da mai zuba wa yara guba. Gobe za mu haɗu a kotu."



Sharu, ƙanin Alhaji, wanda shi ke kula da injin, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ai na hwaɗa maka, Yaya."

Alhaji bai ko dube shi ba. Malam ya duba.

"Malam, kai ka san da wanga abu?"

Malam Mahmuda ya girgiza kai. Tsoho ne tukuf, tun da asuba aka ɗauko shi a kan babur, hanyar nan mai ramuka ta gama jijjiga masa ƙashi.

"Ban san komi ba, Maikuɗi. Ni ko wayar ban iya kunnawa."

"Na yarda. Kai ba ka yi mani haka." Ya karɓe wayarsa. "Amma ka gani. Nan ciki ana ba ni haƙuri, can waje ana yi mani tsirara. Surukaina na Gummi sun gani. Wanda ya turo mani ma daga Sakkwato yake."

Inna Zulai ta matsa gaba da gwiwoyinta.

"Alhaji, don girman Allah. Yaron ga ba shi da lahiya."

Ba ta faɗi sunansa ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba tun da ta haife shi.

"Tashi, Zulai. Ba da ke nike ba."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Don darajar Malam zan ƙara magana guda. Ku goge shi. Kada in ƙara ganin sunana ko'ina. Ku dawo bayan la'asar, in na duba na ga babu, gobe da sahe in aika kotu in janye. In na ƙara ganin ko harafi guda, to mu haɗu inda kunka ce."

Ya shige cikin gida.

*

A gindin dalbejiyar masallaci suka zaunar da Malam da Inna. Rumaisa ta ja Barista gefe.

Ita dai Rumaisa ba mai faɗa ba ce, kun sani. Amma ranar nan ko gaisuwar girmamawa ba ta tsaya yi ba.

"Barista, tambaya ɗaya zan yi maka. Abuja sun san muna nan yau?"

Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

"Barista."

"Ba su sani ba."

"Ba su san da sulhun ba?"

"Ban gaya musu ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Tun makon jiya take zirga-zirga tsakanin Gummi da Yargalma da Bukkuyum, ta lallashi Inna, ta lallashi Malam, ta sha ruwan sama a kan babur har sau nawa. Duk a zatonta da sanin ofis ake yi.

"Me ya sa?"

"Don na san amsarsu."

"Wace amsa?"

"Za su ce a'a." Ya mai da gilashin. "Rumaisa, su hukunci suke so. So suke alƙali ya rubuta da hannunsa cewa ba laifi ba ne mutum ya nuna abin da ke kashe 'yan garinsu. In an samu wannan, zai amfani mutum dubu. Gaskiyarsu ce, ban ce ba gaskiyarsu ba ce."

"To?"

"To ni ne nake zuwa gidan yarin. Ranar Litinin da na je, sai da Shafi'u ya dafa bango kafin ya iya tsayuwa. Ya yi tari a hannun rigarsa, ya yi sauri ya naɗe don kada in gani. Na gani."

Rumaisa ta kau da kai.

"Na ce bari in fito da shi tukuna, in ya so su kore ni daga baya," in ji shi. "Na manta da masu sanarwa. Wallahi ko a raina ban kawo su ba."

Ni dai abin nan yana ba ni haushi har yanzu. Ƙungiya ɗaya, ofis ɗaya, amma mai zuwa kotu bai san abin da mai rubutu zai saki ba, mai rubutu bai san inda mai zuwa kotu ya kwana ba. Kowa da gaskiyarsa a aljihu, ɗan mutane kuma yana can yana tari.

"Kira su," in ji Rumaisa.

"Ke za ki kira. Ni in na kira, sai mun gama faɗa kafin a zo kan maganar."

*

Bayan tasha akwai wani tudu inda sabis yake ɗan kamawa. Kullum ba ka rasa mutane a kai, kowa ya ɗaga waya sama. Nan Rumaisa ta hau, rana na dukanta.

Ta kira, ya katse. Ta sake kira, ya katse. Sai can ya shiga.

Sahura ce ta ɗauka, mai kula da duk abin da ƙungiyar ke fitarwa daga Abuja. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma kusan kullum sai sun yi magana, don Rumaisa ke duba mata Hausar.

"Rumaisa, kin ga yadda abin nan yake tafiya kuwa? Tun da muka fara shari'ar nan ba a taɓa yaɗa mana abu kamar na yau ba."

"Ki goge shi."

"Na'am?"

"Ki goge shi yanzu, don Allah. Muna zauren Alhaji Maikuɗi ya fito. Ya riga ya ce ya yafe."

"Zauren wa? Me kuke yi a can?"

"Sulhu."

Shiru. Rumaisa ta duba wayar ko ta katse ne. Ba ta katse ba.

"Wane sulhu? Ba wanda ya gaya mini."

"Ni ma yau na san ba ku sani ba."

"Barista ne?"

"Shi ne. Ki bar wannan tukuna. Me ya sa kika saki abu irin wannan ba ki tambaye mu ba?"

"Ni ban saki komai yau ba. Tun makon jiya na jera su a kwamfuta, kowanne da ranarsa da lokacinsa, saboda zaman gobe. In lokaci ya yi da kansa yake fita. Haka muke yi a kowace shari'a. Ke ma ai kin duba mini Hausar."

 Rumaisa ta duba ɗin. A kan babur ta duba, ta gyara ƙugiyar wani harafi, ta tura. A lokacin ko maganar zuwa wurin Malam ba a fara ba.

"Ban san yau zai fita ba."

"Ba ki tambaya ba. Ni ma ban tambaya ba." Sahura ta ja numfashi. Muryarta ta sauka. "Rumaisa, kin manta lokacin da ko inda yake ba a sani ba? Innarsa tana yawo ofis-ofis? Hayaniyar nan ce ta sa aka fito da shi daga bayan kantar 'yan sanda aka kai shi gaban alƙali. Ba don ita ba da har yau ana cewa ba a gan shi ba."

"Ban manta ba."

"Kuma ba shi kaɗai ne a hannunmu ba. In ya ba da haƙuri a kan gaskiyarsa, duk mai hali ya koyi hanya. Ka kama yaro, ka ajiye shi har ya gaji, uwarsa ta zo ta durƙusa. Injin kuma yana nan bakin rijiya."

"Na sani, Sahura. Duk na sani. Amma jini yake tofarwa."



"Jini?"

"Barista ya gani da idonsa."

"Innalillahi. Wannan ma ba a gaya mini ba."

Rumaisa ta ji ƙarar maɓallai.

"Oga, shugabarmu, tana cikin jirgi, ba zan same ta ba. Ba ni da ikon goge abu sai da izininta. Amma zan goge. In ta sauka ni za ta wanke tas. Ba komai, na saba."

"Allah ya saka miki."

"Na goge na Fesbuk. Na goge sauran. Wanda mutane suka riga suka kwafa, wannan ba yadda zan yi."

"Namu dai Alhaji ya ce a goge."

"To an goge."

 Rumaisa ta nemi dutse ta zauna. Har za ta yi sallama.

"Rumaisa, tsaya."

"Ina ji."

"Akwai bidiyon Inna."

"Wane bidiyo?"

Tana tambaya ta tuna.

Kwanakin farko ne, lokacin da aka hana beli. Ta je Yargalma ta tarar da Inna a ɗaki ko abinci ba ta ci. Ta ce mata Abuja suna son ta yi magana a ɗauka. Ta yi mata bayani cewa mutane za su gani, Inna ta ce to. Inna ba ta da babbar waya, ba ta taɓa ganin yadda abu ke yawo a cikinta ba. Ta yi magana irin wadda mace ke yi a ɗakinta in an rufe ƙofa. Rumaisa ta tura, ba a saka ba, har ta ɗauka an fasa.

"Ajiye shi muka yi sai jajibirin zama," in ji Sahura. "Shi ne babban abin da muke da shi."

"To ki cire shi daga layin."

"Na cire namu yanzun nan."

"Alhamdu lillahi."

"Ba mu kaɗai ba ne."

"Ban gane ba."

"In muna son abu ya yi ƙarfi, mukan raba wa ƙungiyoyin da muke aiki tare, mu sa lokaci ɗaya, kowa ya saki tare. Na tura musu tun makon jiya. Akwai na Legas, akwai na Kano, akwai na ƙasashen waje."

Rumaisa ta rufe ido.

"Yaushe?"

"Yau. Bayan la'asar."

"Sahura."

"Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu zan fara. Amma ki sani, yawancinsu su ma kwamfuta suka bar wa aikin kamar ni. Wani yana mitin, wani ma a ƙasarsu bai tashi barci ba."

"Ki yi ƙoƙari."

"Zan yi. Ku ma ku yi sauri."

Sabis ya ɗauke.

*

Ta tarar Malam ya kishingiɗa a inuwa yana jan carbi. Inna ta sayo ƙosai ta ajiye masa, ita ba ta taɓa ba.

"Ɗiyata, an goge?"

"An goge, Inna."

"Allah shi yi maki albarka."

Rumaisa ta kasa amsawa da amin. Ta yafito Barista, ta gaya masa komai a gefen bangon masallaci.

Ya dafe kai.

"Me ta ce a cikin bidiyon?"

"Ba ka kalla ba?"

"Ni takardun kotu nake karantawa."

"Ta ce komai."

"Har sunan Alhaji?"

"Har Allah ya isa."

Barista ya jingina da bango. Ka gan shi ka ga wanda ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

"Zan gaya wa Malam," in ji Rumaisa. "Ya gaya wa Alhaji tun kafin bidiyon ya fito. A ce masa tsohon abu ne, an ɗauka tun kafin sulhu."

"In kika gaya masa, ko ƙofa ba zai buɗe ba."

"In ya gani da kansa fa?"

"In ya riga ya yi alkawari aka shafa Fatiha a gaban Malam, ba zai iya warwarewa ba. Kin san mutanenmu. Abin da aka shafa wa Fatiha ya ɗauru. Mu dai mu riga bidiyon."

"Wannan yaudara ce, Barista."

"Eh."

Bai ma yi musu ba. Da ya yi musu da ta samu abin faɗa.

Ta waiwaya ta dubi Inna. Tsohuwar tana korar ƙuda daga kan ƙosan Malam da gefen mayafinta.

"Ita fa? Ba za a gaya mata ba?"

"In kin gaya mata, a fuskarta zai gani."

 Rumaisa ta gaji. Ta gaji da hawa tudu, ta gaji da ɗauko maganar Abuja ta kawo ƙauye, ta ɗauki ta ƙauye ta kai Abuja, kowane ɓangare yana ganin ita ce ba ta yi bayani da kyau ba.

Ba ta gaya wa kowa ba.

*

Ana sallame la'asar suka koma.

Alhaji bai fito da wuri ba. Da gangan ne, kowa ya sani. Suka zauna a zauren. A waje, kan dakalin ƙofar gida, ma'aikatan injin sun zazzauna suna hira, Sharu a tsakiyarsu.

Da ya fito sai da aka sake gaisawa tun daga farko. Ya gajiya. Ya iyali. Ya ruwa. Malam ya tambayi jikin mahaifiyar Alhaji, Alhaji ya ba da labarin ciwon ƙafarta tun daga inda ya fara.

Barista sai gyara zama yake yi.

Can Alhaji ya ɗauko wayar. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya daɗe.

"Babu shi."

"An goge, Alhaji," in ji Barista.

"Na gani."

Ya danna gefen wayar har ta mutu, ya kifa ta a kan darduma.

"Na kashe ta. Malam na magana, ba ta ƙara katse shi."

 Rumaisa ta ji kamar ta yi kuka don sauƙi.

"Malam," in ji Alhaji, "ni ba mugu ba ne. Injin ga mutum nawa ke ci da shi? Da yaron ga ya zo ya same ni, ko ya aiko babba, da mun yi magana. Amma ya ɗauke ni ya kai ma duniya."

"Ƙuruciya ce," in ji Malam.

"To na bar ma Allah. Gobe in aika."

"Allah shi yi maka albarka. Ku kawo hannu."

Aka ɗaga hannuwa. Malam ya fara addu'a da muryarsa mai rawa. Yakan ja addu'a, duk wanda ya san shi ya san haka. Ya roƙa wa Alhaji, ya roƙa wa iyayensa, ya roƙa wa ƙasa zaman lafiya, ya roƙi damina mai albarka.

Rumaisa na cewa amin, a ranta tana cewa Malam ka kai Fatiha.

Sai hirar waje ta tsaya.

Wata murya ta shigo ta ƙofar zaure. Muryar mace, daga lasifikar waya, an ƙure ƙara.

"Ɗiya ukku na haihwa. Habsu ta tahi shekarar dalma, tana goye. Mainasara ya bi ta, yana ta zabura a hannuna har ya yi shiru."

Hannuwan Inna suna sama. Suka tsaya a nan.

Malam ya yi shiru.

"Guda ya rage mani. Shafi'u. Shafi'u ɗana. Ya ga an kawo abin da ya kashe ƙannensa bakin rijiya, ya yi magana, anka ɗaure shi."

Inna ta sauke hannuwa a hankali ta rufe bakinta. Ta ji kanta ta kira sunan ɗan farinta, sau biyu, a bakin titi, a gaban maza.

Sharu ya shigo da wayar a tafin hannu. Ya durƙusa ya ajiye ta a gaban yayansa.

Ga Inna a ciki, ba mayafi, ɗankwali ya zame, ido ya kumbura.

"Maikuɗi, kai nike ma magana. Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yahe ba, duniya da lahira."

Bidiyon ya ƙare, ya sake farawa da kansa. Sharu ya tsayar.

Ba a shafa Fatiha ba.

"Alhaji," in ji Barista, "wannan tsohon abu ne. Tun kafin..."

"Kai, yi mani shiru."

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Inna.

"Zulai. Muryar wa ce wagga?"

"Tawa ce." Da ƙyar aka ji ta.

"Da sahe kin durƙusa nan kin ce in dubi girman Allah."

"Na ce."

"Ashe kin riga kin kai ni gare shi."

 Inna ta juyo ta dubi Rumaisa. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi sauƙi.

"Ɗiyata, kin san za a sa shi yau?"

Rumaisa ta buɗe baki. Barista ya sunkuyar da kai.

"Ɗazu na sani, Inna."

"Kinka bar ni na shigo."

"Na bar ki."

Inna ta gyaɗa kai kawai.

Malam ya gyara murya. "Maikuɗi, uwa ce. Abin da uwa ta hwaɗa cikin zahin rai..."

"Malam, na ji. Ban tashi ba, ka ga ina zaune." Alhaji ya ture wayar Sharu gefe. "Sun ce goge wanga ba ya yiwuwa, ko? Ya riga ya tahi."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To a aika wani shi bi shi."

Ya nuna Rumaisa.

"Ke kinka ɗauki wancan. Hiddo wayarki."

"Alhaji..."

"Hiddo ta. Zulai ta dubi waya kamar yadda ta duba ran nan. Ta ce ta janye Allah ya isa. Ta ce injina bai cutar da kowa, ɗanta ƙarya ya yi. Ku sa shi inda kunka sa wancan, da tambarinku. In na gani, ko a daren ga sai in aika. Gobe ta tahi Gusau ta ɗauko ɗanta."

"Ƙungiya ba za ta saka wannan ba," in ji Barista.

"Wannan ku ta shafa. Ku kunka iya sakawa."

Rumaisa ba ta motsa ba.

"Hiddo ta, ɗiyata," in ji Inna.

"Inna, ba dole ba ne. Za mu nemi wata hanya."

"Wace?"

 

Rumaisa ta ciro wayar daga jaka.  A saman fuskar wayar ga saƙon Sahura ya samu ya shigo: na tsayar da wasu, sauran ban same su ba, ki yafe mini.

Ta share shi gefe, ta buɗe kyamara.

Inna ta gyara mayafinta, ta rufe kanta ruf, ta goge fuska da tafin hannu. Ta zauna sosai.

"Ta kama?"

"Ta kama, Inna."

Jan ɗigon ya fara ƙiftawa.

Inna ta dubi wayar. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juya wajen tsohon.

"Malam, tambaya gare ni kahin in hwara."

"Ina jin ki, Zulai."

"In na ce injin ga bai cutar da kowa, yaron ga ya hito, wata ta ji maganata ta ɗebo ruwan rijiyar ta ba ɗanta. Wa za a tambaya ranar lahira, ni ko Alhaji?"

Malam Mahmuda ya dubi carbinsa.

Wayar tana ta ɗauka.